Yanke tiredi da dayis da injin lez a ƙananan injuna: tambayoyi da amsoshi

Ƙera ƙananan injuna masu aiki da gaske, irin jirgin ƙasa mai tururi da ke gudu a kan dogo mai faɗin inci 5 yana jan manyan mutane a bayansa, abin sha'awa ne da ya kafu a Ingila tun ƙarshen ƙarni na 19. A 1898 Percival Marshall ya fara fitar da mujallar Model Engineer a Landan, kuma har yau akwai ƙungiyoyin masu wannan aiki a Birtaniya, Amurka, Jamus, Ostareliya da Afirka ta Kudu. Duk irin wannan inji tiredi ne ke riƙe da shi, wato haƙoran da ke zagaye jikin sukuru da cikin noti, tun daga ƙananan sukurorin murfin silinda har zuwa bawul ɗin tukunyar tururi. Ga tambayoyin da masu koyo suka fi yi. Amsoshin za su amfani duk mai taɓa injin lez, wato injin da ke juya ƙarfe wuƙa tana fere shi, ko da gyaran babur ko keken ɗinki ne sana'arsa.

Malam, tunda ina da dayis, me zai sa in wahalar da kaina da yanke tiredi a lez?

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Dayis, wato zoben ƙarfe mai haƙora a ciki da ake murɗawa a kan sanda don yanke tiredi, yana ba ka siffar haƙori cikakkiya, kai da gindi duk a gyare, cikin ɗan lokaci. Abin da ba zai ba ka ba shi ne tabbacin cewa tiredin ya bi tsakiyar sandar. Kamar ruwa yake, inda ya sami gangara nan yake bi, in ya fara a karkace a karkace zai ƙare. A lez kuwa wuƙa ɗaya ce ke bin sandar yayin da take juyawa a kan tsakiyarta, kuma giya ce ke ƙayyade tazarar haƙora, saboda haka tiredin ba shi da inda zai kauce.

Ƙananan ƙusoshi masu tiredi da sukurori 'yan ƙasa da milimita 6, dayis ya wadatar. Amma sandar fistan inda take shiga fistan, ko notin da ke matse abin toshe yoyon silinda, ko farantin da ake ɗora cok (bakin lez mai riƙe aiki) a kansa, duk inda karkata kaɗan za ta sa inji ya cije, lez ake so. Haka nan duk girman da ba a sayar da dayis ɗinsa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce haɗa su biyun. Ka yanke kusan kashi uku cikin huɗu na zurfin a lez, sannan ka bi da dayis ya ƙarasa. Dayis ya sami hanya miƙaƙƙiya ba zai bar ta ba, kai kuma ka huta da fargabar wuce gona da iri a yankan ƙarshe.

Zanen da na samu daga Ingila yana cewa 5BA, 7BA, 1/4 x 40 ME. Mene ne waɗannan?

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 kowace maƙera a Ingila tana da tiredinta, notin wannan ba ya shiga bol ɗin wancan. Henry Maudslay ya ƙera lez mai dogon sukurun jagora, wanda ke tafiyar da wuƙa, da giyoyin canji wajajen 1800, abin da ya sa aka iya maimaita tiredi iri ɗaya. Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa kafin ya kafa tasa maƙera a Manchesta, shi ya kawo ma'auni ɗaya a 1841: kusurwar haƙori digiri 55, kai da gindi a ɗan kewaye. Shi ne BSW, kuma BSF ƙaninsa ne mai ƙananan haƙora. A Amurka William Sellers ya fito da nasa mai digiri 60 a 1864, wanda daga baya aka gina UNC mai manyan haƙora da UNF mai ƙanana a kansa a 1949. Tiredin mita da ke jikin motoci da baburan yau shi ma digiri 60 ne.

BA na ƙananan abubuwa ne, kayan agogo, kayan awo da na lantarki. Ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya ce ta ba da shawararsa a 1884, ta ɗauko tsarin daga tiredin Thury na masu agogon Suwizalan. Kusurwarsa digiri 47.5. Mafi girma shi ne 0BA, kauri milimita 6, tazarar haƙori milimita 1, kuma kowace lamba ta gaba tazararta kashi 0.9 ce ta wadda ta gabace ta. Wato lamba na hawa, sukuru na ƙanƙancewa: 2BA milimita 4.7, 4BA 3.6, 5BA 3.2, 6BA 2.8, 7BA 2.5, 8BA 2.2, 10BA 1.7. Masu kayan lantarki sun fi amfani da 2, 4 da 6. Masu ƙananan injuna kuwa suna son 5BA da 7BA, domin 5BA ya dace da sandar inci 1/8, 7BA kuma yana hawa sandar inci 3/32 ba sai an fere ta ba.

ME na masu wannan sana'a ne su kaɗai. Siffarsa ta Whitworth ce, amma haƙoran 40 ne ko 32 a inci, ko mene ne kaurin sandar. Dalilin yana cikin zurfi. BSW na inci 1/4 haƙori 20 gare shi a inci, zurfinsa wajen milimita 0.8 ta kowane gefe. In ka huda tsakiyar wannan don tururi ya bi, sauran naman da ya rage ba shi da yawa. Mai haƙori 40 zurfinsa milimita 0.4 ne kawai, sai bangon bututun ya sami ƙarfi.

Ba zan iya mayar da su duka zuwa mita ba?

Za ka iya a wurare da yawa, kuma in tap (mai yanke tiredi a cikin rami) da dayis na mita ne a kusa da kai, hakan ya fi. M3 na maye gurbin 5BA, M2.5 gurbin 7BA, M2 gurbin 8BA ko 9BA. Gurbin ME sai tiredin mita mai ƙananan haƙora, irin M6 x 0.75 ko M6 x 0.5, wato kauri milimita 6, tazara 0.75 ko 0.5. Abu biyu za ka kula. Kan bol da notin mita na kasuwa ya fi girma, yana ɓata kamannin ƙaramin inji, wani lokaci ma ba ya samun wurin zama kusa da ɗan'uwansa. Na biyu, kayan tukunya da ake sayowa a shirye daga Ingila, bawul da injekta da makamantansu, yawancinsu da ME suke zuwa.

Noti ya shiga zagaye biyu ko uku sai ya cije. Me ke faruwa?

Galibi tiredi biyu ne masu kama da juna aka haɗa. M5 tazararsa 0.8, 2BA tazararsa 0.81, 10-32 na Amurka tazararsa wajen 0.79, kaurinsu kuma bai fi bambancin milimita 0.3 ba. Ido ba ya raba su. 0BA da M6 kauri ɗaya tazara ɗaya, kusurwa ce ta bambanta. BSW da UNC suna da adadin haƙora ɗaya a yawancin ƙananan girma, sai a rabin inci, inda BSW ke da 12, UNC 13. Filogin ƙananan injunan jirgin sama na wasa inci 1/4 ne mai haƙori 32, amma digiri 60 ne irin na Amurka, ba ME ba.

Masu gyaran keke a ƙasar Hausa sun san wannan matsala tun da daɗewa. Tsofaffin kekunan Raleigh suna da haƙori 26 a inci a mazaunin giya da wuyan keke, inda sauran kekunan Ingila ke da 24, sai kayan wani su ƙi shiga wani. Tiredin bututun famfo kuma BSP ne, digiri 55, kuma wanda ake kira rabin inci kaurinsa na waje ya kusa milimita 21.

Kada ka tilasta da sifana. Ka auna kauri, ka ɗora ma'aunin haƙora, waccan 'yar takarda ta ƙarfe mai kama da zarto, ka ɗaga su zuwa haske. In haske na ratsawa tsakaninsu, ba shi ba ne.

Tiredina da dayis kullum yana fita a karkace, noti na rawa in yana shiga. Yaya zan yi?

Matsalar tana cikin zagaye biyu na farko. Hannu ba ya iya riƙe mariƙin dayis a miƙe sosai, sai haƙoran gefe ɗaya su riga na ɗaya gefen kamawa.

Ka fara fere bakin sandar ya yi ɗan tsini, zurfinsa ya kai gindin haƙori, domin dayis ya sami mazauni. Ka tabbata ka fuskantar da gefen da ya dace: gefe ɗaya na dayis yana da haƙoran farko a fere kamar mazurari, yawanci gefen da ke da rubutu, shi ke fara shiga. Sannan ka bar aikin a cok ɗin lez, ka yi amfani da mariƙin dayis na kan baya (kan da ke fuskantar cok daga ɗaya ƙarshen lez), wanda ke zamewa a kan sandar da ta shiga ramin kan baya. Wannan ɗan kayan aiki shi ne abu na farko da ya kamata mai sabon lez ya ƙera wa kansa. In ba ka da shi tukuna, ka sa mariƙin hannu, ka turo fuskar kan baya ta dafa shi daga baya, kana juya cok da hannu kana bin sa a hankali har haƙora uku ko huɗu su kama.

Da hannu ake juya cok a wannan aiki, inji a kashe. Rabin zagaye gaba, ɗan komawa baya don ɓarɓashin ya karye, haka har ƙarshe.

Sukurori uku ɗin nan da ke jikin mariƙin dayis, me suke yi?

Na dayis mai tsaga ne. Na tsakiya mai tsini yana shiga tsagar ya buɗa dayis, biyun gefe suna matse shi. Yankan farko ka buɗa shi sosai, ka gwada noti. In ya yi tauri, ka sassauta na tsakiya kaɗan, ka ɗaure na gefe, ka sake bi. Da haka kake samun tiredin da ya yi wa notinka daidai. Kada ka matse shi da yawa, dayis ƙarfe ne mai tauri da ke tsagewa biyu ba tare da gargaɗi ba. Dayis mai kusurwa shida da ake juyawa da sifana kuwa na share tsohon tiredi ne da ya bugu, ba na yanka sabo ba.

Wane kauri sandar za ta kasance kafin in sa dayis?

Ƙasa da girman da aka rubuta kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na tazarar haƙori. Don M6 x 1, ka fere ta zuwa 5.9. Dayis ba yanka kawai yake yi ba, yana ɗan tura ƙarfe sama, musamman a jan ƙarfe, alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa. In sandar ta cika cif, ƙarfen da aka tura ba shi da wurin zuwa, sai haƙoran su yage.

Wane mai ake sawa?

Baƙin ƙarfe yana son man yanka na musamman, kuma kitse, wanda aka yi amfani da shi a zamanin da, har yanzu yana aiki. Man inji da aka juye daga mota ba ya taimakawa sosai. Alminiyam kananzir yake so, domin ya hana shi liƙewa a haƙoran dayis. Tagulla da kas (ƙarfen zubi) a bushe ake yanka su. Jan ƙarfe yana da danƙo, sai da mai sosai da dayis mai kaifi.

Wane dirili zan huda da shi kafin tap, kuma me ya sa ƙananan tap ɗina ke karyewa?

Lissafin sauƙi: kauri a cire tazarar haƙori. M6 x 1 dirili 5, M3 x 0.5 dirili 2.5, M8 x 1.25 dirili 6.8, 1/4 x 40 ME wajen 5.7. Na BA kuwa 2BA 4.0, 4BA 3.0, 6BA 2.3, 8BA 1.8, 10BA 1.4.

A baƙin ƙarfe da duk ƙarfe mai gardama ka ƙara girman dirilin kaɗan ba tare da tsoro ba. Haƙoran da suka kama kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na zurfinsu suna riƙe kusan duk abin da cikakku za su riƙe, amma ƙarfin da ake buƙata wajen juya tap yana raguwa ƙwarai. In tsawon tiredin ya kai kaurin bol ɗin sau ɗaya da rabi, yawanci bol ɗin zai tsinke kafin haƙoran su zame.

Ƙaramin tap ba juyi ne ke karya shi ba sau da yawa, lanƙwasa ce. Mariƙi babba mai nauyi a kan tap ɗin 8BA, hannu ya ɗan motsa gefe, shi ke nan. Ka huda rami miƙaƙƙe a ɗan guntun ƙarfe ya zama jagora, ko ka riƙe tap ɗin a bakin injin dirili a kashe kana juyawa da yatsu. A ramin da bai ɓulle ba, ka riƙa fito da tap ɗin kana share ɓarɓashi, ka bi su ukun bi da bi: mai tsini, na tsakiya, sannan mai kai gindi.

Ya riga ya karye a ciki. Aikin ya lalace ke nan?

In aikin tagulla ne, ko jan ƙarfe, ko alminiyam, akwai magani mai arha. Alif ɗin nan da ake tace ruwa da shi, wanda wasu ke kira alam, ka narkar da shi da yawa a ruwan zafi cikin kwanon da ba na ƙarfe ba, ka tsoma aikin, ka bar ruwan da ɗumi. Yana cinye ƙarfen tap ɗin a hankali ya bar aikin lafiya. Yana ɗaukar sa'o'i, wani lokaci kwanaki. In aikin kansa baƙin ƙarfe ne ko kas, wannan ba zai yi ba, domin alif zai ci su tare. Sai dai a huda kewayen a fitar da guntun, a cusa sabon ƙarfe, a sake hudawa.

Yaya ake lissafin giyoyin canji?

Abin da kake so shi ne sirdin da ke ɗauke da wuƙa ya matsa tazarar haƙori ɗaya a duk juyi ɗaya na aikin. Ka raba haƙoran sukurun jagora a inci da haƙoran da kake so a inci. Amsar ita ce giya mai ja a sama, giyar da ake ja a ƙasa.

Ɗauki Myford ML7, wanda aka fara fitarwa a 1946 a Nottingham kuma ya zama lez ɗin da aka fi sani a wannan sana'a. Sukurun jagoransa haƙori 8 ne a inci. Don haƙori 20, 8 bisa 20 daidai yake da 20 bisa 50: giya mai haƙori 20 a sama, mai 50 a kan sukurun jagora, kowace giya a tsakani don ta haɗa su, ita ba ta shiga lissafi. Don haƙori 26, 20 bisa 65. Don haƙori 40 kana buƙatar 1 bisa 5, kuma da yake ba ka da giya mai 100, sai ka yi hawa biyu: 20 ta ja 50, sannan 30 da ke kan sanda ɗaya da 50 ta ja 60. Don 32, 20 ta ja 40, 30 ta ja 60.

Ƙananan lez ɗin Sin da suka yawaita yanzu wasu suna da sukurun jagora mai haƙori 16 a inci, wasu mai tazarar milimita 1.5. Ka auna naka kafin ka yarda da jadawalin da ke liƙe a murfin.

Me ya sa ake maganar giya mai haƙori 127?

Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, an tsayar da haka tsakanin ƙasashe a 1959. Inci 5 ke nan milimita 127, kuma 127 lamba ce da ba ta rabuwa, saboda haka babu ƙaramar giya da za ta ba da lissafin daidai. A sukurun jagora mai haƙori 8, tazarar milimita 1 ita ce 40 bisa 127. Giyar tana da girma, ba kowane ƙaramin lez ke da wurinta ba, shi ya sa ake amfani da mai 63 ko mai 21 a sami kusan daidai. Kuskuren ƙanƙane ne, noti ba zai taɓa jin sa ba. Sai in dogon sukurun awo kake yi zai dame ka.

Yaya zan saita wuƙar, kuma zurfin nawa zan shiga?

Ka wasa wuƙar ƙarfe mai tauri zuwa kusurwar da ake so, 60, 55 ko 47.5, kana gwadawa da ma'aunin kusurwa. Ka ɗan kashe tsinin da dutsen washi na hannu, domin tsini mai kaifi yana karyewa, kuma yana barin gindin haƙori mai saurin tsagewa. Gefen da ke gaba ya sami isasshen sarari a ƙasa don kada ya goga jikin haƙorin. Bakin wuƙar ya tsaya daidai tsayin tsakiyar aikin, kuma ka dafa ma'aunin a jikin sandar ka daidaita wuƙar da shi, don kada haƙoran su kwanta gefe ɗaya.

Zurfin tiredin waje na mita kashi 0.613 ne na tazara, na Whitworth da ME 0.640, na BA 0.6. Wato M6 x 1 milimita 0.61, haƙori 40 kuma inci 0.016. Ka fara sanin ko lambobin da ke jikin hannun lez ɗinka suna nuna abin da wuƙa ta matsa ne ko abin da kauri ya ragu, domin ɗaya ninkin ɗaya ne.

Hanyar shiga biyu ce. Ko ka tura wuƙar kai tsaye, gefenta biyu suna yanka tare, wanda ya isa ga tagulla da ƙananan haƙora irin na ME. Ko ka karkata ƙaramin silayid na sama zuwa ƙasa da rabin kusurwar kaɗan, digiri 29.5 ga mai 60, 27 ga mai 55, ka riƙa shiga da shi. A nan gefe ɗaya ne ke yawancin yankan, ɓarɓashi ba ya cunkushewa, ƙaramin lez ba ya karkarwa. Zurfin da za ka karanta a hannun sai ya ƙaru, tazarar milimita 1 tana buƙatar wajen 0.7. Akwai tarko a nan da ya kama mutane da yawa: kusurwar daga layin da ke gicciye da aikin ake auna ta, amma wasu injunan lambobinsu daga layin tsawon aikin suke farawa. A irinsu 60.5 za ka nema. In haƙoran sun fito kamar na zarto, gefe ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wannan ne.

Yankan farko karce ne kawai. Ka tsayar, ka ɗora ma'aunin haƙora a kan karcen. In giya ɗaya ta kuskure, yanzu ne za ka gani tun aikin bai lalace ba. Daga nan ka fara da milimita 0.1 ko sama kaɗan, kana ragewa yayin da wuƙar ke nutsewa har zuwa 0.02 ko 0.03. A ƙarshe ka bi sau ɗaya ko biyu ba tare da ƙara komai ba, domin aikin da wuƙar suna ɗan lanƙwasawa lokacin yanka. Gudun inji ya zama ƙasa da juyi 100 a minti ga mai koyo.

Yaushe zan kama rabin noti, wanda ke haɗa sirdi da sukurun jagora, don wuƙar ta faɗa ramin da ta bari?

In adadin haƙoran da kake yankawa yana rabuwa da na sukurun jagora, ka kama ko'ina. A mai haƙori 8, wannan ya haɗa 16, 24, 32 da 40, wato duk tiredin ME. Sauran kuwa sai da agogon tiredi, waccan 'yar fuska mai lambobi da ke juyawa a gefen sirdi. Adadi mai rabuwa biyu yana daidaita a kowane rabin inci, mara rabuwa a kowane inci. Layukan agogon sun bambanta daga inji zuwa inji, don haka mafi aminci ka zaɓi lamba ɗaya ka riƙa kamawa a kanta kullum.

Tiredin mita a sukurun jagora na inci, ko akasin haka, agogon ba ya aiki. Ka bar rabin notin a kame tun daga farko har ƙarshe: ka janye wuƙa, ka tsayar da inji, ka juya shi baya har ka wuce bakin aikin, sannan ka sake shiga. Janye wuƙar dole ne, domin lakon da ke cikin giyoyi zai sa ta goge haƙoran a hanyar dawowa.

Tiredin yana ƙarewa a jikin kafaɗa, ina tsoron wuƙa ta doka. Akwai dabara?

Ka yanke ɗan kwari a gindin kafaɗar, zurfinsa daidai da na haƙori, faɗinsa tazara biyu ko uku, wuƙa ta sami inda za ta fita. Ga gajeren tiredi, babu abin da ya kai hannun juya inji da ake cusawa ta bayan sandar cok. Kana juyawa da hannunka, kana tsayawa daidai inda kake so. Wasu suna kifa wuƙar su juya inji baya, yankan ya tafi daga kafaɗa zuwa waje. Dabara ce mai kyau, amma ba a lez mai cok na murɗawa irin Myford ba, domin juyin baya yana iya kwance cok ɗin ya faɗo.

Yaya zan san tiredin ya kai?

In kana da notin ko ɗaya ɓangaren, shi ne ma'auninka. Ka goge kan haƙoran da magagari mai laushi tukuna, don sau da yawa gashin ƙarfe ne ke hana noti shiga, mutum ya ɗauka zurfi ne bai kai ba ya ƙara yanka. Kada ka kwance aikin daga cok don gwaji. In kana son awo na gaske, akwai hanyar waya uku: biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, cikin ramukan haƙora, a auna da maikuromita. Ga M6 x 1 da waya mai kaurin 0.577, awon kada ya wuce 6.22.

Akwai wani abu na daban game da tiredin tukunyar tururi?

Akwai, kuma nan ba wurin gwaji ba ne. Mazaunan da ake liƙa wa tukunyar jan ƙarfe, inda bawul da gilashin ruwa ke ɗaurewa, ba a yin su da tagullar da aka haɗa da tutiya mai yawa. Ruwan zafi yana tsotse tutiyar a hankali, ya bar ƙarfe mai rauni da ke iya sakin haƙoransa. Tagullar da aka haɗa da kuza ake amfani da ita. Kafin a liƙa da azurfa, a fara tiredin da tap mai tsini zagaye kaɗan don a sami miƙaƙƙiyar hanya, a ƙarasa bayan an gama da wuta, domin zafi yana ɓata haƙoran da aka gama. A ƙungiyoyin Birtaniya sabuwar tukunyar jan ƙarfe sai an gwada ta da ruwa a ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi kafin a hura mata wuta.

Tiredin hagu fa, ko girman da ba a sayar da tap ɗinsa?

Na hagu a lez ba wuya: ka juya hannun da ke sauya juyin sukurun jagora, wuƙa ta tafi daga wajen cok zuwa kan baya, aikin na juyawa yadda ya saba. Shi ne irin na fedar keke ta hagu. Tap kuwa kana iya ƙera naka da sandar ƙarfe mai yawan kabon da Turawan Ingila ke kira ƙarfen azurfa, ko da yake babu azurfa a cikinsa. Ka yanke tiredin a lez, ka fere bakin, ka goge fuska uku ko ka yanke kwari uku, ka gasa ya yi ja, ka tsoma a ruwa a miƙe. Sannan ka goge shi ya yi haske, ka ɗumama a hankali har ya yi ruwan kara, ka sake tsomawa. Zai yanka tagulla da alminiyam da kyau.

Wane haɗari ne ya fi yawa a wannan aiki?

Sukurun jagora yana juyawa a hankali daidai cikin mutum, kuma ba ya sakin abin da ya kama. Babbar riga, hannun kaftani, gyale, carbi a aljihun gaba, agogo, zobe da safar hannu, duk a ajiye su. Kada ka goge tiredi da tsumma yana juyawa. Kada makullin cok ya kwana a jikin cok ko na daƙiƙa ɗaya. Kafin ka cusa hannun juya inji, ka zare filogi daga bango. Inda wuta ke ɗaukewa ta dawo ba sanarwa, ka kashe makunnin da zarar ta ɗauke, ko ka sa irin makunnin da ba ya tashi da kansa in wuta ta dawo.

Da kuɗi kaɗan, me zan fara saya?

Ka bar manyan akwatunan nan masu arha da ke da tap da dayis arba'in. Yawancinsu ba za ka taɓa buƙata ba, waɗanda kake buƙata kuma ba su da kaifi. Ka duba zanen injin da za ka ƙera, ka sayi girma uku ko huɗu da yake nema, masu kyau, tare da dirilinsu. Na ƙarfen kabon sun fi arha kuma suna da kaifi sosai a tagulla. Na HSS, wato ƙarfen yanka mai jure zafi, sun fi jure baƙin ƙarfe da wanda ba ya tsatsa. In hali ya yi, ka ware na tagulla daban, domin dayis ɗin da ya sha baƙin ƙarfe yakan daina cizon tagulla da kyau. Ka ƙara da ma'aunin haƙora na mita da na inci, ma'aunin kusurwar wuƙa, da ƙaramin mariƙin tap mara nauyi. Mariƙin dayis na kan baya da hannun juya inji kuwa, da lez ɗin naka za ka ƙera su daga guntayen ƙarfe.